Rhine, Wachau ko Douro: wace turba ta dace da ƙafarka a ƙasar gonakin inabi?

Cikin kwarurukan Turai da mutane ke zuwa takanas domin tafiyar ƙafa, akwai uku da ake yawan gwada su da juna: kwarin Kogin Rhine na Jamus tsakanin Rüdesheim da Koblenz, yankin Wachau a bakin Kogin Danube a Ostiriya, da kwarin Kogin Douro a arewacin Fotugal. Hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a jere: Wachau a 2000, Douro a 2001, Rhine a 2002. A hoto duk kamarsu ɗaya, kogi a ƙasa, gonakin inabi hawa-hawa a jikin dutse, ƙauye mai hasumiyar coci. Hoto ba zai taimaka wajen zaɓe ba. Abin da ke raba su shi ne yawan hawa da gangara, zafin rana, da yadda mutum zai koma masauki idan ƙafa ta gaza a tsakiyar hanya.

Wurare ne da tattalin arzikinsu ya dogara da giyar inabi. Wanda ba ya sha babu abin da zai rasa a kan turbar kanta, amma dole ya san abin da ake zuba masa a kofi, za mu zo kan wannan.

Rhine: jirgin ƙasa a kowane ƙauye, amma gwiwa na biyan kuɗi

Turbar da ake kira Rheinsteig tana da tsawon kilomita 320. Ta tashi daga Bonn, garin da Sashen Hausa na DW yake, ta bi ta Koblenz har Wiesbaden, duk a gaɓar gabas ta kogin. An buɗe ta a 2005. Alamarta farin harafin R ne a kan shuɗi, ana samunta a jikin itatuwa da duwatsu kusa-kusa, ƙananan hanyoyin da ke haɗa tashar jirgi da turbar kuma alamarsu rawaya ce. Ɓata a nan sai da ganganci.

Ba kowa ke bin ta duka ba. Inda abin kallo ya taru shi ne kwarin nan mai kilomita 65 da UNESCO ta amince da shi, mai tsofaffin fadoji masu ganuwa wajen 40. Yawansu ba don ado ba ne. Kogin babbar hanyar fatauci ce, kowane sarki ko babban limamin coci da ya samu lungu sai ya kafa ganuwa yana karɓar kuɗin wucewa. Misali mafi fito da wannan shi ne Pfalzgrafenstein, da aka fara ginawa a 1326 a kan wani falalen dutse a tsakiyar ruwa daura da Kaub, domin kada jirgi ya wuce bai biya ba. Da yawa daga cikin fadojin sojojin Faransa ne suka rusa su a 1689, wasu kuma aka sake gina su a ƙarni na 19 da ado irin na lokacin. Wanda ke son ganin ta asali ya tsaya a Braubach ya hau Marksburg, ita ce fadar kan dutse da ba a taɓa rusawa ba a wannan kwari. Ba a shiga sai tare da ɗan jagora, zagayen bai kai awa ɗaya ba.

Matsalar Rheinsteig tsarin ƙasar ne. Kowane ƙaramin rafi da ke gangarowa cikin Rhine ya yanka kwazazzabonsa, saboda haka turbar tana tafiya kamar haƙoran zarto: a hau kusan mita 200, a yi ɗan tafiya a sarari, a gangara har ƙasan rafi, a sake hawa. Zangon da ya fi suna, daga Kaub zuwa St. Goarshausen, kusan kilomita 22 ne, kuma mai matsakaicin ƙarfi ya ware masa awa 7 ban da hutu. Yana bi ta ƙauyen Dörscheid, ya fita kan dutsen Roßstein inda ake hango garin Oberwesel da hasumiyoyinsa a tsallake, ya ƙare da dutsen Loreley mai tsayin mita 132 daga ruwa. A nan kogin ya matse ya yi zurfi, igiyar ruwa na da ƙarfi, kuma haɗarin wurin ba tatsuniya ba ce: a Janairun 2011 jirgin dakon sinadari mai suna Waldhof ya kife a kusa da wurin, zirga-zirga ta tsaya makonni. Tsakanin Dörscheid da Loreley wurin sayen ruwa ko abinci ba shi da yawa. Kada wannan zango ya zama na ranar farko. Daga Lorch zuwa Kaub, kusan kilomita 14, ya fi dacewa da gwajin ƙafa.

Abin da ya ɗaga Rhine sama da sauran biyun shi ne sufuri. Layin dogo yana bin kowace gaɓa, kusan kowane ƙauye na da tasha, jirgi na wucewa aƙalla sau ɗaya a awa da rana. Mutum zai iya kama ɗaki ɗaya na kwana huɗu, ya fita da ƙaramar jaka, ya dawo da jirgi da yamma. Gada babu tsakanin Koblenz da Mainz, sai jiragen fito a wurare kamar Bingen da Rüdesheim, Lorch, Kaub, St. Goar da Boppard. Da su ake tsallakawa zuwa RheinBurgenWeg, turbar gaɓar yamma mai jan R, wadda ke bi ta Bacharach da Boppard.

Wannan layin dogo shi ne kuma aibin wurin. Jiragen kaya na bin kwarin dare da rana, duwatsu na mayar da ƙarar. Ɗakin da ke kallon kogi shi ke kallon layin. Ka nemi ɗakin baya ko masaukin da ke saman gari, ka riƙe abin toshe kunne. Sai wani abu da ba a faɗa a talla: an yi watsi da gonaki masu yawa a gangaren saboda wahalar noma, har gonakin inabin tsakiyar Rhine suka koma ƙasa da hekta 500. Dogon ɓangare na Rheinsteig cikin kurmi yake. Mai son ya yini tsakanin layukan inabi ya nufi Rheingau, tsakanin Wiesbaden da Rüdesheim, inda gidan zuhudu na Eberbach na 1136 yake, kuma ƙasar ba ta da tsauri sosai. A saman Rüdesheim akwai gunkin Niederwald na 1883, ana kaiwa can da motar igiya. Wannan ya dace da mai tafiya da dattijo ko yara: a hau da igiya, a taka cikin kurmi, a sauka Assmannshausen da kujerar igiya, a dawo da jirgin ruwa.

Wachau: gajere, tsaf, kuma cikin gonakin

Kwarin Wachau bai wuce kilomita 36 ba tsakanin Melk da Krems, kuma daga Vienna jirgin ƙasa na kai mutum ko wanne cikin garuruwan biyu a kusan awa ɗaya. Turbarsa, Welterbesteig, zagaye ce ta kilomita 180 da aka kasa zango 14, ta bi gaɓar arewa ta dawo ta kudu. Alamarta farin harafin W ne.

Zanguna ukun farko su ne gwal ɗin: Krems zuwa Dürnstein kusan kilomita 12, Dürnstein zuwa Weißenkirchen kusan 16, Weißenkirchen zuwa Spitz kusan 10. A nan turbar na ratsa gonakin ne kai tsaye, a gefen katangun dutse da aka jera da hannu ba siminti. Rashin simintin da gangan ne: ruwan sama na tsiyayewa ta tsakanin duwatsun maimakon ya taru ya ture katangar, duwatsun kuma na riƙe zafin rana su sake shi da dare. Da hantsi za ka ga koren ƙadangare mai shuɗin maƙogwaro kwance a kansu yana shan rana, kafin ka ciro waya ya shige rami.

A Dürnstein ne aka tsare Sarkin Ingila Richard na Farko daga ƙarshen 1192 zuwa 1193, bayan Leopold na Biyar na Ostiriya ya kama shi a hanyarsa ta dawowa daga yaƙin 'yan Salibiyya, inda ya kara da Salahuddin. Fadar kufai ce tun da sojojin Siwidin suka fasa ta a 1645. Hawa daga gari minti 20 zuwa 30 ne, ba a biyan ko sisi, kuma daga sama ake ganin lanƙwasar Danube da shuɗiyar hasumiyar cocin garin a ƙasa. Garin titi ɗaya ne mai matsi, daga ƙarfe 10 na safe zuwa la'asar masu jiragen yawon buɗe ido na cika shi. Wanda ya kwana a can ya hau kufan da sassafe shi kaɗai zai gan shi a natse.

Ga inda masu son kammala zagayen ke yin kuskure. Bayan Spitz turbar na barin kogin, ta shige kwarin Mühldorf, ta haura dutsen Jauerling mai tsayin mita 960. Kyakkyawar tafiya ce, amma ta kurmi da makiyaya ce, ba kogi ba inabi, motar haya kuma ba ta da yawa. Gaɓar kudu ma yawanci kurmi ne, sai dai a can ne wasu manyan wuraren suke: gidan zuhudu na Melk, wanda aka kafa a 1089 aka sake gina shi tsakanin 1702 da 1736, mai shahararren ɗakin littattafai, kufan Aggstein a kan tsauni kusan mita 300 sama da ruwa, da gidan zuhudu na Göttweig na 1083 da ke kallon Krems. Mai kwana uku ko huɗu ya taka zanguna ukun farko, ya je Melk da Aggstein da bas ko jirgin ruwa. Willendorf, inda aka tono ɗan mutum-mutumin nan na mace a 1908 mai shekaru kusan 29,500, yana gaɓar arewa, amma na ainihin yana gidan tarihi a Vienna, ba abin da zai sa a karkata hanya dominsa.

Tsakanin Mautern, da ke tsallaken Krems, da Melk babu gada. A Spitz da Weißenkirchen akwai jirgin fito da ba injin ke tura shi ba: an ɗaure shi da igiyar ƙarfe da ta ratsa kogin daga sama, matuƙi ya karkata shi, ƙarfin ruwa ya tura shi tsallake shiru. Idan kogi ya cika ana dakatar da shi, kamar yadda ambaliya ta tsayar da komai a 2013 da Satumban 2024, da hunturu kuma lokutansa na raguwa. Layin dogon cikin kwarin na yawon buɗe ido ne, ba ya aiki duk shekara. Abin dogaro bas ne, kuma da yamma yana ƙaranci.

Douro: hange mafi girma, turba mafi rauni

Babu kwarin da ya kai Douro cika ido. Duwatsu ne da aka sassaƙa matakala-matakala tun daga bakin ruwa har ƙoli, kuma tun 1756 aka shata iyakar yankin noman inabin da doka a zamanin Pombal, babban ministan Fotugal na lokacin. A jikin gangaren za ka ga tsofaffin matakalai da ciyawa ko zaitun suka cinye: gonakin da aka bari ne bayan ƙwaron da ke cin saiwar inabi ya halaka su a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Jirgin ƙasa daga Porto zuwa Pinhão ya fi awa biyu, rabin ƙarshe yana manne da kogi, tashar Pinhão kuma an lulluɓe bangonta da fale-falen tangaran shuɗi da fari masu zanen girbi.

Sai dai a nan babu doguwar turba ɗaya mai tsari irin na Rhine ko Wachau. Gajerun hanyoyi ne na ƙananan hukumomi, masu alamar ja da rawaya, kulawarsu ta bambanta daga gari zuwa gari. Wani wuri alamar ta kankare, wani wuri hanyar ta kai ka ƙofar gonar wani a rufe, don yawancin ƙasar ta manyan gonaki ce masu zaman kansu. Dole a saukar da taswira a waya tun daga masauki. Daga Pinhão ana iya haurawa Casal de Loivos, hawa gajere mai tsauri da ke kai ka inda ake ganin garin da lanƙwasar kogin, ko a yi doguwar hawa zuwa ƙauyen Provesende. Sauran manyan wuraren hange, irin su São Leonardo de Galafura da São Salvador do Mundo, da mota ake zuwa, haka ma zanen duwatsu na kwarin Côa. Bayan an wuce garin Régua, wanda ake isa kafin Pinhão, jirage kaɗan ne a yini, wanda ya rasa na ƙarshe sai tasi mai tsada.

Zafi shi ne babban haɗari. A Yuli da Agusta ma'auni na haura 40, duwatsun na ɗaukar zafi su mayar, inuwa babu. Kada wanda ya saba da zafin gida ya raina shi, don zama a inuwa daban, hawan dutse da jaka a baya daban. Lokacin gobarar daji ne kuma. Afrilu, Mayu da Oktoba su ne watanninsa.

To wanne? Mai zuwa karon farko da kwana uku zuwa biyar, kuma gonakin da ƙauyukan yake son gani, ya ɗauki Wachau, Krems zuwa Spitz. Wanda ke zaune a Jamus, ko mai son tafiya mai sa gumi da fadoji ɗaya bayan ɗaya, ko wanda bai tabbatar da ƙarfin ƙafarsa ba yana son tashar jirgi kusa da shi kullum, Rhine ne nasa. Douro na wanda ya yi hayar mota ne, mai son taka awa biyu ko uku da safe ya yi sauran yinin a mota ko jirgin ruwa. Wanda ya je can da niyyar tafiya daga ƙauye zuwa ƙauye mako guda ba tare da kamfani mai ɗaukar kaya ba zai sha wuya.

Lissafin lokaci da kaya

Kada a auna zango da kilomita kawai. Ƙa'idar da masu tafiyar dutse ke amfani da ita a Jamus da Ostiriya ita ce: kilomita 4 a awa a sarari, hawan mita 300 a awa, gangarar mita 500 a awa. A lissafa lokacin nisa daban, na hawa da gangara daban, a raba ƙaramin biyu a ƙara rabin a kan babban. Zango mai kilomita 16 da hawan mita 600 da gangarar 600, misali, nisansa awa 4 ne, hawa da gangararsa awa 3 da minti 12. Rabin ƙaramin awa 1 da minti 36 ne, jimla awa 5 da minti 36, ban da hutu, abinci da salla. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Rhine sai bayan 9:30 na dare, amma bayan an mayar da agogo baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, biyar na yi duhu ya fara.

Takalmi mai tudun ƙasa ne kan gaba, kuma wanda aka riga aka saba da shi, sabo fil bororo yake kawowa tun ranar farko. Dutsen Rhine da na Douro mai ɓarewa falle-falle ne, idan ya jiƙe ko ganye ya rufe shi santsi yake, yawancin faɗuwa a gangara ake yinta da yamma lokacin da cinya ta gaji. Sanduna biyu na rage wa gwiwa nauyi. Ruwa lita 2 ga mutum ɗaya, a Douro 3, da ƙaramar gora daban ta alwala. Kaska na nan a ciyawar Rhine da Wachau daga Maris zuwa Oktoba. A cusa wando cikin safa, a duba jiki da dare, a cire ta da hantsaki daga gindin fata ba tare da shafa mai ba. Jan zobe mai faɗaɗa a wurin cizon na buƙatar likita. A Ostiriya ana ba da shawarar rigakafin cutar kumburin ƙwaƙwalwa da kaska ke yaɗawa, kuma allurar ba ɗaya ba ce, sai an fara ta makonni kafin tafiya. Lambar gaggawa 112 ce a ƙasashen uku.

Abin ci da sha

Lemon inabi marar maye a Jamus da Ostiriya shi ne Traubensaft. Tarkon yana watannin girbi, Satumba da Oktoba: ana sayar da wani abin sha mai gurɓi da zaƙi a bakin hanya, Federweißer a Jamus, Sturm a Ostiriya. Kama da lemo yake, amma ya riga ya fara tsima, da barasa a ciki. Apfelschorle lemon tuffa ne da ruwan soda, Weinschorle da Gespritzter giya ce da soda. Most a Ostiriya na iya zama tsimin tuffa mai bugarwa, sai an tambaya. Kofin da ake kira Rüdesheimer Kaffee da barasa ake haɗa shi, miyar Rieslingsuppe ma da giya ake dafa ta. Wachau ta shahara da Marille, ɗan itacen da Larabawa ke kira mishmish, yana fure a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, ana tsinkarsa a Yuli. Lemonsa da curin Marillenknödel ba su da matsala, Marillenbrand da Marillenlikör giya ne.

Farantin sanyi da ake kawowa a gidajen manoman inabi na Ostiriya kusan duk naman alade ne da kitsensa. Cuku, ƙwai, kifi da burodi su ne mafita. A Fotugal kifin bacalhau mai gishiri na ko'ina, amma miyar ganye ta caldo verde ana jefa mata yankan tsiran alade. Masallatai da shagunan naman halal suna manyan garuruwa irin su Bonn, Koblenz, Mainz, Wiesbaden da Vienna, ba a ƙauyukan kwarin ba, ta wannan fuska ma Rhine ya fi sauƙi don jirgi na kai ka gari cikin ƙasa da awa ɗaya. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke a Jamus da Ostiriya, a yi cefanen guzuri ranar Asabar, a riƙe tsabar kuɗi don ƙananan gidajen abinci da jiragen fito ba duka ke karɓar kati ba. Tsinkar inabi a gonar mutane sata ce a dokarsu ko da reshen ya leƙo hanya, kuma lokacin girbi a ba tarakta hanya a ƙananan titunan gona.

Ƙasashen uku duk suna cikin yankin Schengen, biza ɗaya ta isa, ana nemanta a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a ciki, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Masauki a Dürnstein, Weißenkirchen da Spitz kaɗan ne, ƙarshen mako na Satumba da Oktoba yana cika tun watanni kafin lokaci, haka St. Goar da Oberwesel a daren wasan wuta na Satumba. Idan an rasa, a sauka Krems ko Koblenz a riƙa fita da bas ko jirgi, kuma kowace safiya a duba lokacin bas ko fiton ƙarshe na ƙauyen da zangon zai ƙare kafin a ɗaura takalmi.